Karatun Gida Ga Yaran Katolika Na Bauci

Sau biyu a cikin shekarar 2025 aka sallami 'yan makaranta a Jihar Bauci a lokacin da iyaye ba su saba ba. Na farko daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, watau kimanin mako biyar, sa'ad da Gwamnatin Jiha ta daidaita hutu da watan azumi, abin da ya jawo ƙorafi daga Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya da kuma Majalisar Bishop-bishop na Katolika. Na biyu kuwa a ƙarshen Nuwamba ne, bayan da 'yan bindiga suka kwashe yara da malamai fiye da 200 daga makarantar Katolika ta St. Mary da ke Papiri a Jihar Neja ranar 21 ga watan, Gwamnatin Bauci ta ba da umurnin rufe makarantu don gudun abin da ka je ya zo. Kafin wannan ma, annobar korona ta zaunar da yara a gida wata da watanni a shekarar 2020.

An yi ta cacar baki a kan ko hukuma ta yi daidai ko ta yi kuskure. Wanda aka manta da shi a cikin gardamar shi ne yaron da ke zaune a Yalwa ko Fadaman Mada tun safe har yamma, ba littafi ba fensir. Ɗan Musulmi a garin Bauci da sauƙi, domin ko an rufe boko akwai makarantar allo da Islamiyya da suka daɗe da kafuwa a unguwa. Ɗan Katolika kuwa, in ka ɗebe darasin addini na ƙarshen mako a majami'a, sai a hankali.

Akwai wata dabara da iyayen Katolika suka daɗe suna bi a Amurka, inda doka ta yarda da karatun gida a dukan jihohi 50 tun 1993. Gidaje biyar ko goma sukan haɗa kai, su tara 'ya'yansu wuri guda sau ɗaya ko sau biyu a mako, wannan uwa ta ɗauki zane, wancan uba ya ɗauki kimiyya, wani kuma addini. Suna kafa hujja da takardar da babban taron Batikan na biyu ya fitar a kan ilmi a 1965, wadda ta sanya iyaye a matsayin malaman farko ga 'ya'yansu. Ko shakka babu akwai abin ɗauka a cikin wannan dabara, kuma Dayosis ɗin Bauci tana da abin da za ta gina ta a kai. Tun 1996 aka yanke ta daga Jos, ta zama cikakkiyar dayosis a 2003 a hannun marigayi Bishop John Moore, tana da majami'u da zauruka waɗanda yawancinsu a rufe suke daga Litinin zuwa Jumma'a, tana da Zumuntar Matan Katolika wadda kowa ya san ba ta wasa da taro, ga tsofaffin malaman makaranta da nas-nas da suka yi ritaya suna zaman kashe wando. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannuwan suna nan.

Kada kuma a ce sai an jira kayan aiki daga Turai. Kimiyyar da yaron firamare ke bukata tana cikin madafar uwarsa. A jiƙa zoɓo, a raba ruwan a kofi biyu, a matsa lemon tsami a ɗaya, a zuba jiƙon kanwa a ɗayan: na farko zai ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya yi duhu-duhu mai ratsin kore. Yaron da ya ga haka da idonsa ba zai sha wuya ba ranar da malamin sakandare ya zo masa da bayanin sinadarai. A kafa sanda a tsakar gida, a riƙa auna inuwarta da tsakar rana ana rubutawa. Da yake Bauci tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana kan tsaya daidai bisa ka, inuwar ta kusa ɓacewa, a tsakiyar Afrilu da kuma ƙarshen Agusta, ko da yake na Agusta sai hadari ya yi wa mutum adalci. A kai yara wurin marina su ga yadda zane ke fitowa daga rijiyar baba yana kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. A nan zane da kimiyya sun haɗu a rami guda.

Duwatsun da suka kewaye garin ma littafi ne. Akwai wani irin dutse a Bauci wanda masanin duwatsu Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya raɗa wa sunan garin a shekarun 1960, har yau da sunan Bauchite masana suka san shi a duniya, kuma lissafinsu ya nuna ya haura shekara miliyan 500. Yara nawa ne a Bauci, Musulmi da Kirista, suka taɓa jin wannan?

A nan ne ake bukatar hattara ta farko. Wasu littattafan karatun gida da ake bugawa a Amurka, waɗanda kuma kowa na iya saukarwa daga intanet, suna koya wa yara cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba, duk abin da masana suka faɗa ƙarya ne. Wannan ba koyarwar ɗariƙar Katolika ba ce, kuma iyayen da suka ɗauko irin waɗannan littattafai domin sun ga suna ambaton Allah a kowane shafi, sun yi wa 'ya'yansu sakiyar da ba ruwa. Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idar yadda 'ya'ya ke gadon kamanni, Fada ne. Ya shafe shekarun 1856 zuwa 1863 yana shuka wani irin wake a lambun gidan ibada a birnin Brno, yana ƙirgawa, ya buga sakamakon a 1866. Georges Lemaître, wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa a 1927, shi ma Fada ne, ɗan ƙasar Beljiyam. Kalandar da ake aiki da ita a ofisoshi Paparoma Gregory na 13 ne ya gyara ta a 1582. Haka kuma ya kamata a gaya wa yaran labarin Galileo, wanda Ikilisiya ta hukunta a 1633, sai a 1992 Paparoma John Paul na biyu ya fito fili ya ce an yi masa kuskure. Yaron da ya ji wannan daga bakin iyayensa ya fi ƙarfin wanda zai tsince shi a jami'a daga bakin mai yi masa ba'a. Ba laifi kuma a haɗa masa da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi daga ƙasar Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, don ya san ilmin lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Batun zane shi ma haka. Ba dole sai hoton waliyyi mai farar fata da aka sayo daga Onica ba. A 1947 limaman ƙungiyar SMA, ƙungiyar da Bishop Moore ya fito daga cikinta, suka buɗe wurin sassaƙa da saƙa a Oye-Ekiti, inda Fada Kevin Carroll ya sa masassaƙan Yarbawa suka sassaƙa labaran Littafi Mai Tsarki da salon garinsu. A hannunsa Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne, ya yi suna har ƙasashen waje. Bauci tana da zanen mutanen da a jikin duwatsun Geji da na Shira, tana da dukawa da masu zanen ƙwarya da maginan tukwane. Da yumɓu da gawayi da lalle an gama.

Hattara ta biyu ta fi ta farko nauyi. A Amurka yawancin masu wannan tsari cire 'ya'yansu suke yi daga makaranta ɗungum. Wannan kam bai dace da Bauci ba, kuma duk wanda ya zo da shawararsa a tare shi tun daga ƙofa. Da farko dai akwai doka: Dokar Ilmin Bai Ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya tabbata ɗansa ya gama firamare da ƙaramar sakandare, wanda ya ƙi a yi masa gargaɗi, in ya sake a ci shi tarar N2,000 ko ɗaurin wata guda. Cewa ba a cika aiki da dokar ba, ba ya mai da saɓa mata daidai, balle a jihar da ke fama da ɗimbin yaran da ba su zuwa makaranta. Bayan doka kuma akwai zaman tare. Mutanen Bauci ba su manta da abin da ya faru a Afrilun 1991 ba, lokacin da rikicin Tafawa Ɓalewa ya fantsamo cikin gari, kuma sanin kowa ne tun daga nan unguwanni suka riƙa rabuwa, kowa na komawa cikin nasa. Bencin aji na cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bitrus da Bala ke zama kafaɗa da kafaɗa, suna aron biro, suna shan bulalar malami ɗaya. In aka ɗauke Bitrus daga bencin aka kulle shi a zauren majami'a, an tsare shi daga hatsari guda an jefa garin cikin wani. Sa'an nan wa ke da halin zaman gida yana koyarwa? Ba matar da ke sammako zuwa kasuwar Muda Lawal ba. 'Ya'yan masu hali za su tafi, a bar 'ya'yan talakawa da ajin da babu mai tsawata wa hukuma a kansa.

Saboda haka ya kamata Bishop Hilary Dachelem da ofishinsa na ilmi su ɗauki abin a matsayin ƙari: ranakun Asabar, dogon hutu, da duk lokacin da aka wayi gari an rufe makarantu. A tsara ɗan littafin jagora da Hausa da Turanci wanda malaman kimiyya na gaske suka duba, a raba wa majami'u. A tantance duk babban da za a damƙa wa yara, kada kuma a bar mutum guda shi kaɗai da su a ɗaki. Darasin addini na 'ya'yan Katolika ne, wannan ba gardama; amma ranar zoɓo da kanwa, in ɗan maƙwabci ya leƙo da yardar iyayensa, a matsa masa a kan tabarma.

Ita kuma Ma'aikatar Ilmi ta Jiha, in ta sake samun dalilin rufe makarantu, ta sanar da iyaye da wuri gwargwadon hali, ta kuma sa malamai su ba kowane aji jerin darussan da ake so ya bi kafin a dawo, a karanta shi a gidan rediyon Jiha da Hausa, yadda majami'a da Islamiyya duk za su san inda aka tsaya.