Malamin Akanta Ya San Baitulmali Kafin Ya Shiga Aji

Duk wanda ya taɓa aiki a baitulmali ya san cewa kuɗin jama'a ba su salwanta sai takarda ta fara lalacewa: bauca ba sa hannu, rasit ba lamba, littafin shiga da fita ba ya daidaita. Saboda haka malamin da ke koyar da akanta a kwalejojinmu yana riƙe da amana babba, domin ɗalibansa su ne ma'aji da masu binciken kuɗi na gobe.

Ya kamata mu dubi tarihin Luca Pacioli, malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya. Tun yana saurayi ya zauna a gidan wani attajiri a birnin Benis yana koyar da 'ya'yansa, inda ya ga yadda fatake suke ajiye lissafinsu. Daga baya ya koyar a jami'o'i, har a shekarar 1494 ya buga littafin da ya bayyana hanyar rubuta kowane ciniki sau biyu, ɗaya a gefen mai karɓa, ɗaya a gefen mai bayarwa, yadda in an yi kuskure jimillar za ta tona shi. Ya rubuta shi da harshen jama'a maimakon Latin na malamai, domin ɗan kasuwa ya karanta ya gane.

Mu ma a nan da haka aka fara. Makarantar Kongo ta Zariya ta soma ne da horar da akawuna da ma'aikatan En'e, kafin ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mutanen da ake koya wa sun fito daga ofis, kuma ofis suke komawa, saboda haka darasi bai rabu da aiki ba.

To, abin da ke damun mutane yau shi ne a ɗauki yaro ya gama digiri, bai taɓa rufe littafin wata ɗaya ba, a ba shi alli. Sai ya karanta wa ɗalibai abin da aka karanta masa, su haddace, su ci jarrabawa. Ranar da aka aza musu bauca ɗari a kan tebur sai ido ya raina fata.

Shawararmu ita ce, hukumomin kwalejoji su riƙa tura malaman akanta zuwa baitulmali ko ofishin mai binciken kuɗi na ɗan lokaci, da cikakken albashinsu, musamman da yake tsarin aiki yana sauyawa, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta tilasta asusun bai ɗaya a 2015. A kuma ƙarfafa su su zama 'yan ƙungiyar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ANAN mai kwalejin horarwa kusa da Jos. Wanda ya ƙware kuwa a kyautata masa, kada bankuna su janye shi.

Su kuma ɗalibai, su nemi malaminsu ya kawo musu takardun aiki na ainihi cikin aji, ya nuna musu inda ɓarna takan ɓuya, da yadda ma'aikaci zai ƙi sa hannu a baucar da ba ta cika ba, ko da wane ne ya aiko ta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.