Zazzaɓin Mai Karɓar Kemo Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

'Yan'uwa, a Zango mun saba da zazzaɓi. In jiki ya yi zafi, sai a aiki yaro kemis ya sayo farasitamol da maganin zazzaɓin sauro, ko a dafa ganyen dogonyaro. Ga mutumin da ke karɓar kemo, wato maganin ciwon daji da ake ɗaura masa ta jijiya, wannan sabo yana iya kashe shi cikin dare ɗaya. Abin da nake so kowane gida ya riƙe ke nan.

Kemo yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa a jiki. Ƙwayoyin ciwon daji suna cikinsu, amma haka ma na gashi, da na cikin baki da hanji, da na ɓargo. A ɓargo ake yin fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin da ke yaƙar cuta. Yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an ɗaura maganin, sojojin nan sukan ragu ƙwarai. A waɗannan kwanaki ƙaramar cuta tana iya shiga jini ta mamaye jiki cikin 'yan sa'o'i. Sau da yawa zafin jiki ne kaɗai alamar da za a gani. Farasitamol yana sauke zafin, cutar kuwa tana nan tana ci.

Saboda haka ku sayi ma'aunin zafin jiki, ya fi kowace kwalbar maganin ƙarin jini amfani. In ya nuna digiri 38 ko fiye, ko mara lafiya yana rawar sanyi, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya fara rikicewa, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Na Aboabo da Asawase da Sabon Zango su nufi asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, inda sashen ciwon daji yake. Na ƙauye su je asibiti mafi kusa. Ku riƙe katin kemo da katin NHIS, kuma tun daga bakin ƙofa ku faɗa wa nas: wannan yana karɓar kemo, ranar kaza aka ɗaura masa. Irin wannan mara lafiya ana so a yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'a ɗaya. Za a gwada jininsa don zazzaɓin sauro ma, amma wannan aikin asibiti ne.

Wani zai ce, kuɗin mota fa? In an je aka tarar ba kome, ba an yi asara ba? Gaskiya ne, kuɗi na da wuya. Amma ya fi sauƙi a je sau uku a dawo lafiya da a yi jinkiri sau ɗaya. A nan ikilisiya take da aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar mata da matasa su ajiye ɗan kuɗin mota, su kuma san direban da zai amsa waya da dare. Mu yi addu'a, mu yi ta a kan hanyar asibiti. Mai mura ko tari ya aika gaisuwa daga nesa, kada ya shiga ɗakin.

Sauran wahalolin ana iya rage su a gida. Don tashin zuciya, a sha maganin da likita ya bayar a kan lokaci, a ci abinci kaɗan-kaɗan, kamar koko mai ɗumi ko tuwo mai laushi. Abinci ya dahu sosai, a guji ɗanyen nono da abincin da ya kwana a buɗe. Don gyambon baki, a kuskure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a rage yaji. In amai ko zawo ya hana ruwa zama a ciki, a koma asibiti. A wanke hannu da sabulu, a kwana cikin gidan sauro. Kada a sha sassake ko wani haɗi sai an tambayi likita. Gashin da ya zube yakan tsiro bayan an gama magani.

Kada kuma wahala ta sa a gudu daga magani a tsakiya, ko da ƙullutun ya ragu. A faɗa wa likita abin da ke damun mutum, yana da hanyar sauƙaƙa shi. Ranar da aka rubuta a kati, a je.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinya.