Mai Kama Kifi Ya Sake Shi: Hauka Ne Ko Hankali?

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe, zan kai ku arewa maso yammacin Amurka da yammacin Kanada, inda ake wata irin fatsa da in Bahaushe ya gani sai ya riƙe baki.

Akwai wani kifi da Turawa ke kira sitilhed, wato mai kan ƙarfe. A rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara Tekun Fasifik ya yi shekara ɗaya zuwa uku yana ƙiba, sannan ya juyo ya hauro ruwa har rafin da ya fito don ya zuba ƙwai. Waɗanda suka fito daga jihar Idaho sukan yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000. In ya dawo kogi ba ya damuwa da abinci sosai, shi ya sa kama shi ke da wuya, har suna masa kirari da kifin jifa dubu.

Masu wannan fatsa ba sa sa tana. Gashin tsuntsu da zare suke ɗaurewa a ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, mutum ya shiga ruwan sanyi har ƙugu, ya wuni yana wurga igiya. Wani sai ya yi sati bai kama ko ɗaya ba. Ran da Allah ya ba shi sa'a kuma, ya ɗauki hoto, ya zare ƙugiya, ya sake shi! Na san 'yan'uwana mata za su ce, to me aka kawo gida?

Ni dai ina bayan sakin nan. A wurare da dama ma doka ce. Kifin da aka reno a gidan kiwo ana yanke masa wani ɗan fiffike kusa da wutsiya kafin a zuba shi kogi. Shi ne za ka iya kaiwa tukunya. Wanda fiffikensa ke nan, haifaffen rafi ne, dole ka mayar. Ko mu nan ba baƙon abu ba ne, ai a Argungu ana hana su a Matan Fada sai lokacin biki ya zo.

Inda muka raba gari da su shi ne yadda wasunsu ke ɗaukar kansu masu ceton kifi. Kifin da aka ja shi da ƙugiya a baki har ya galabaita, aka ɗaga shi sama don hoto, ba kowanne ke rayuwa ba, balle in ruwan ya ɗumama da rani. Kuma ba masunta ne kaɗai suka ƙarar da shi ba. Kifin Idaho sai ya tsallake madatsun ruwa 8 kafin ya isa gida, 4 a Kogin Kolombiya, 4 a Kogin Sinek, na ƙarshensu an kammala shi a 1975. Zuwa 1997 gwamnatin Amurka ta sa sitilhed na Kogin Sinek cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Sakin kifi ɗaya-ɗaya ba zai buɗe wannan hanya ba.

Abin da ya yi aiki an gan shi a Kogin Elwa na jihar Washinton. Tsakanin 2011 da 2014 aka rushe madatsunsa biyu, sai ga sitilhed ya koma saman kogin da ya yi kusan shekara ɗari bai taka ba. A 2024 aka gama rushe wasu 4 a Kogin Kilamat. Na Kogin Sinek kuwa ana ta ja-in-ja, don manoma na safarar alkama ta cikinsa, ga wutar lantarki, kuma su ma suna da hujjarsu. Amma mai fatsar da ya saki kifi ya koma gida ya yi shiru a kan wannan rigima, ni a ganina hoton kawai ya je ɗauka.