Kakanninmu da suka tafi yaƙin basasa ba su dawo ba: mu bi sawunsu tun da sauran masu shaida



A taronmu na watan jiya wani matashi ɗan ƙungiya ya nuna mana wani tsohon hoto na kakansa cikin kaki, an rubuta wata lamba da biro a bayansa. Ya ce kakan ya shiga soja a 1967, wasiƙarsa ta ƙarshe daga Asaba ta fito, daga nan shiru. Kakarsa ta rasu ba ta san ranar da mijinta ya mutu ba, balle inda aka binne shi. Shi kuwa jikan kullum sai ya haye gadar Anacha da kayan gwari, yana kallon ruwan nan yana tunani. Kafin a tashi taron, mutum huɗu suka ce su ma haka labarin gidansu yake.

Ra'ayinmu shi ne, neman irin waɗannan bayin Allah ya zama aikin ƙungiya, kada a bar kowane gida da nasa zullumin.

An fara yaƙin ranar 6 ga Yuli 1967, aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Cikin wata talatin ɗin nan sojojin Najeriya suka tashi daga kusan 10,000 zuwa kimanin 250,000. An ɗebi samari cikin gaggawa, aka yi musu gajeren horo, aka tura su daga. Shi ya sa neman mutum da suna kaɗai ba ya kai mu ko'ina. Da yawa sunan garinsu aka laƙaba musu, sai ka tarar da masu suna iri ɗaya fiye da a ƙirga, kuma magatakarda kan rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. Abin da ke raba wani da wani shi ne lambar soja. Saboda haka a duba bayan hotuna, da ambulan ɗin tsofaffin wasiƙu, da cikin adakar iyayenmu mata.

Bayan lamba sai runduna. Runduna ta Ɗaya ƙarƙashin Mohammed Shuwa ta gangaro ta Nsukka, ta kama Inugu a Oktoban 1967. Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammed ta bi ta Binin zuwa Asaba, kuma a watan nan na Oktoba ta yi asarar mutane masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare Kwara zuwa Anacha cikin jiragen ruwa, bayan an karya gada. Ita ce kuma aka yi wa ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana ranar 31 ga Maris 1968. Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle, wadda Obasanjo ya karɓa a 1969, ita ta yi Kalaba da Fatakwal da Owerri. Wanda ya san rundunar kakansa da watan da wasiƙa ta yanke, ya rage rabin nema. Matashin namu ma da aka lissafa masa haka, ya gane ta wajen da zai fara tambaya.

Wuraren da ya kamata a rubuta wa sun haɗa da ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa da ke Lakwaja, da Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a jihar da mutumin ya fito. Akwai kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna da Inugu da Ibadan, da Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia wanda ba shi da nisa da mu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce, kuma takarda mai hatimin ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Wasu dattawanmu sun ce a bar kaza cikin gashinta, don muna zaune cikin mutanen da yaƙin ya fi yi wa ɓarna. Mun ji, kuma maganarsu abin dubawa ce. Maƙwabtanmu sun rasa 'ya'ya da iyaye, da yawa ta hanyar yunwa, kuma mutanen Asaba har gobe suna juyayin fararen hular da sojojin tarayya suka kashe musu a Oktoban 1967. Takarda ma tana iya fito da abin da ba mu so, wataƙila kakan gudu ya yi, ko kuma rundunarsa na cikin waɗanda ake zargi. To amma ba kirari muke nema mu yi wa kowa ba. Muna so ne jika ya san ranar da zai riƙa tuna kakansa da addu'a. Mai shagon da ke kusa da naka, da za ka tambaye shi, wataƙila shi ma yana da wanda ya tafi bai dawo ba, kuma shi zai fi kowa fahimtar wannan nema.

Abin da ke sa mu gaggawa shi ne lokaci. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967, yau ya haura 75. Takarda lamba da kwanan wata kawai za ta ba ka; wanda ya ga lokacin da abokinsa ya faɗi kuwa, in ya rasu ya tafi da labarin.

Don haka duk mai irin wannan damuwa ya kawo wa ofishin sakatare cikakken sunan mutumin da laƙabinsa, garinsu, shekarar da ya tafi, da kwafin duk wata takarda ko hoto. A riƙe na asali a gida. Wanda kuma ya san tsohon sojan da ke raye, ya sanar da mu mu je gaishe shi da na'urar ɗaukar murya. Muna fatan haɗa jerin farko kafin 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.

Sakataren ƙungiya