Shago Ya Samu Mawaƙi, Saura Marubuci



A Amurka akwai wasan da suke kira besbol. Mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo, abokin hamayya ya yi ƙoƙarin maka mata kulki kafin ta wuce shi. Majefin nan shi ne ƙashin bayan ƙungiya, in hannunsa ya mutu wasa ya lalace. Cikin majefan farkon ƙarni na ashirin akwai Walter Johnson, ɗan manoma daga jihar Kansas, wanda ya yi wa ƙungiyar birnin Washington wasa daga 1907 zuwa 1927. Ya ci wasa 417, an cinye shi 279, kuma sau 110 yana tashi wasa bai bari abokan hamayya sun samu ko maki ɗaya ba. Ya rasu tun 1946, amma yau yaro zai buɗe waya ya ga abin da ya yi a kowace shekara, har ranakun da ya sha kashi. Majefin da ya yi kaka ɗaya ya ɓace ma yana da nasa shafin, domin 'yan jaridar lokacin ba sa barin fili sai sun rubuta wa ya jefa, wa ya buga, nawa aka tashi.

Mu dawo gida. A ƙasar Sakkwato, Kabi da Zamfara, ko wanda bai taɓa leƙa gidan dambe ba ya san sunan Shago, ya san Ɗandunawa, ya san Ado Ɗan Kware. A ina muka san su? A bakin Ɗan Anace da kalangunsa. Shago ƙwararren ɗan wasa ne kamar yadda Johnson yake: da hannunsa ya yi suna, gari-gari ake zuwa kallonsa bayan kaka. Bambancinsu ɗaya ne. Shi wancan ya samu masu alƙalami, namu ya samu mai kalangu kaɗai.

Za a ce ai waƙa ita ce kundin tarihin Bahaushe. Gaskiya ne, ba don Ɗan Anace da irin su Illon Kalgo ba, da sunayen mazaje da yawa sun bi ruwa. Amma mu yi wa waƙa adalci, kada mu ɗora mata kayan da ba nata ba. Makaɗin maza zuga yake yi. Aikinsa ya sa jinin gwaninsa ya tafasa, ya sa 'yan kallo su zuba kuɗi. Ba ya faɗin shekara, ba ya ƙirga turmi, ba ya tsayawa kan ranar da aka kai gwaninsa ƙasa. Abokin karawa kuwa sau da yawa zambo ne rabonsa. Waƙa ba ta bin ɗan dambe gida ta ga me ya ci bayan ƙarfi ya ƙare, ko wa ya yi jinyarsa. Wannan gurbin namu ne, kuma mun bar shi fayau.

Malamanmu na jami'a sun yi ƙoƙari a kan mawaƙa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Wato mai yabo ya samu marubuci. Wanda aka yaba, wanda ya ɗaure hannu ya shiga fili aka fasa masa baki, shi ne har yanzu yake jira.

Wani labari daga Amurkar zai nuna mana abin da ke cikin hatsari. Kafin 1947 ba a barin baƙar fata ya buga a manyan ƙungiyoyin besbol. Sai suka kafa nasu. Rube Foster, wanda shi ma shahararren majefi ne a farkon ƙarnin, shi ya kafa musu gasa mai tsari a 1920. Manyan jaridu ba su cika kula su ba, amma jaridun baƙar fata irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier sun riƙa buga sakamakon wasanninsu. Tun 1907 ma wani ɗan wasa, Sol White, ya wallafa ɗan littafi kan tarihin 'yan uwansa. Shekaru suka shuɗe, masu bincike suka bi tsofaffin jaridun nan suna tsinto alƙaluma. A Disamba 2020 hukumar wasan ta amince cewa gasannin baƙar fata na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a Mayu 2024 kuma aka shigar da 'yan wasa sama da 2,300 cikin kundinta. Mutanen da aka hana shiga fili suna raye, rubutun wasu ƙananan 'yan jarida ya shigar da su tarihi bayan sun mutu. Da labarinsu a baka kawai ya tsaya, da babu hujjar da za a kafa.

To mu fa? Daga Gesse zuwa Argungu tafiyar kamar awa guda ce. Bikin kamun kifi ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Mun riƙe nauyin giwan ruwa, amma mu nawa ne a zauren nan muka riƙe sunan masuncin da ya nutsa Matan Fada ya fito da ita? A bikin ana kokawa, ana dambe, ana tseren kwalekwale. Kowane gwani a cikinsu littafi ne. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu a nan: tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, ana iya jero zakarun shekara-shekara har zuwa su Isaka Isaka na Doso. Rahotannin da BBC Hausa ta riƙa kawowa daga gidan damben Ali Zuma na Dei-Dei ma sun nuna abin mai yiwuwa ne: wa ya kashe wa, a turmi na nawa.

Mun san dalilin da ke sa mu ja baya. Wasu na ganin dambe harkar layu da guraye ce, bai dace ɗalibin ilimi ya ɓata alƙalaminsa a kai ba. Amma rubuta tarihin mutum ba sa hannu ba ne a kan duk abin da ya aikata. In ya ɗaura laya, a rubuta ya ɗaura. In daga baya ya tuba ya koma gona da masallaci, a rubuta wannan ma, darasin ya fi fitowa. Wasu kuma za su ce soyayya ce ke da kasuwa. Shin mun taɓa kai wa masu karatu rayuwar ɗan dambe da aka rubuta da kyau suka ƙi? Yaron mahauta da ya bar gida da ƙunzugu, ya kashe manya, mata suka yi masa guɗa, sannan wata rana wani sabon yaro ya shimfiɗe shi a gaban makaɗinsa: wane ƙagaggen labari ya fi wannan?

Aikin ba ya buƙatar tallafin kowa. Bayan rasuwar tsohon ɗan wasa Ty Cobb a 1961, wani malamin jami'a, Lawrence Ritter, ya ɗauki rikoda ya bi tsofaffin 'yan besbol gida-gida, ya fitar da littafinsa a 1966 kafin su ƙare. Mu rikodar tana aljihunmu. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya a garinsu, ɗan dambe, ɗan kokawa ko masunci. A je wurin Sarkin Fawa ko Sarkin Ruwa a nemi iso. In tsoho bai riƙe shekara ba, a ɗaure masa ita da abin da kowa ya sani: kafin rasuwar Sardauna a 1966 ko bayanta, lokacin fam da sule ko bayan zuwan naira a 1973, kafin a ba mu jihar Kebbi a 1991 ko bayan nan. A ji ta bakin mutanensa, a kuma ji ta bakin mutanen wanda ya kara da shi. Abin da ganau ya faɗa a ware shi daban da na jiyau. A tambayi faɗuwa kamar yadda ake tambayar nasara. Shafi biyar na gaskiya sun isa farawa.

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Waɗanda suka ga mazajen jiya da idonsu yau tsofaffi ne, duk damina kuma raguwa suke yi. Wanda ya samo wani abu ya kawo mana nan mu karanta, mu yi gyara tare.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya jiƙan magabatanmu.