A Auna Takarda Tun Ba A Sayar Da Mota Ba

Muna so mu yi magana bisa wani al'amari da ya daɗe yana damunmu a zauren Liman nan Kumasi, watau maganar yaranmu masu neman shiga makarantar likita.

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, sai ka ga iyaye suna ta sallama. Wannan ya zo da ɗansa, wancan da 'yarsa, kowa riƙe da takarda a cikin leda. Abu biyu suke nema: addu'a, da wasiƙa mai hatimin Liman zuwa ga manyan jami'a. Addu'a dai ba a hana kowa. Wasiƙa kuwa mu ke rubuta ta da hannunmu, saboda haka mun fi kowa sanin iyakacin inda take kaiwa. Gaskiyar magana ita ce, ba mu taɓa ganin wasiƙa ta rage wa yaro ko lamba ɗaya daga jimlar jarrabawarsa ba, kuma jimlar nan ita ake fara dubawa.

Mu ba mu yi boko ba, allo muka wanke. Da fari in an miƙo mana takardar, sai mu ga babu jan alƙalami a ciki, mu ce madalla, yaro ya ci. Sai da muka rubuta wasiƙu masu yawa ba mu ji labarin ko ɗaya ba, sa'an nan muka zaunar da wani ɗanmu malamin sakandare, muka ce ya koya mana ƙirgar. To, ga abin da muka koya, kuma ba shi da wuya ga wanda ya iya lissafin kasuwa.

Kowane darasi ana ba shi daraja daga A1 zuwa F9. A1 lamba 1 ke nan, B2 lamba 2, B3 lamba 3, C4 da C5 da C6 kuwa 4 da 5 da 6. Daga D7 zuwa ƙasa jami'a ba ta karɓa. Ana ɗaukar darussa shida: uku na dole, watau Turanci da lissafi da kimiyya ta gama-gari, sa'an nan uku na ajin kimiyya, irin su bayoloji da kemistiri da fizis. Sai a haɗa lambobin. Amma fa a lura, a kasuwa mai yawa shi ya fi, a nan kuwa mai kaɗan shi ne gaba. Wanda ya sami A1 a duk shidan, jimlarsa 6, ba a wuce nan. A 'yan shekarun nan, ƙofar likita a Legon da Kumasi kan rufe ne a wajen 6 zuwa 8. Kuma ko mai wannan jimla ba a ce masa shigo kawai. Akan tace, a kira waɗanda suka rage a yi musu tambayoyi baki da baki, a Legon ma har da wata jarrabawar shiga.

Ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Kwanan baya wani dattijo direba, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya zo da ɗansa. Yaro natsattse, ba ya ɗaga ido. Muka karɓi takarda muka ƙirga a gabansu: Turanci B3, lissafi A1, kimiyya B2, bayoloji B2, kemistiri B3, fizis C4. Jimla 15. Wannan sakamako ne mai kyau, wallahi, ga yaron da ya yi karatu a ɗaki guda da ƙannensa biyar. Amma tsakanin 15 da 8 akwai tafiya.

Muka ce, “Baba, da wannan jimla ƙofar likita ba za ta buɗe bana ba.”

Ya ce, “Malam, ai akwai hanya. Na sami mutum.”

Ashe wani ne ya tare shi a tasha, ya ce yana da ɗan'uwa a ciki, in an ba da sidi 20,000 sunan yaro zai fito. Dattijon nan har ya yi wa motarsa ciniki. Motar da ita ce abincin gidan! Muka tambaye shi ko mutumin ya nemi ganin takardar yaron. Ya yi shiru, ya ce a'a, bai tambaya ba. Muka ce to, Baba, wanda zai shigar da yaro makarantar likita bai ko tambayi abin da ya ci ba, ai ba yaron yake kallo ba, motar yake kallo. Ya tashi ransa a ɓace, har kwana uku ba ya amsa gaisuwarmu sosai.

Ba mu ga laifinsa ba. Laifin namu ne, mu da muka saba wa mutane da cewa “sai a gwada, Allah ya ba da sa'a” ko da mun san lissafi bai kai ba. Maganar tana da daɗin faɗi, ba ta ɓata wa kowa rai a ranar. Amma ita ce ke sa uba ya sayi fom, yaro ya cika likita kaɗai ba ya sa zaɓi na biyu, sa'an nan a zauna ana jira har a rufe ɗaukar ɗalibai, shekara ta wuce a banza. Mun san yaran da suka yi haka sau biyu, yau suna tallar kayan waya a Kejetiya da takardar da ta isa ta kai su jami'a tun farko.

Waɗansu za su ce ana danne 'yan zango ne. Ba mu ce duniya ta gyaru ba, amma a wannan wuri babban dalili shi ne kujeru kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. A tuna, asibitin Korle Bu an gina shi tun 1923 zamanin Gwamna Guggisberg, amma sai a 1962 aka fara koyar da likitanci a ƙasar nan, kuma likitocin farko sun fito a 1969. Kafin nan duk mai son zama likita sai ya haye teku ko ya tafi wata ƙasa. Makarantar likita ta Kumasi, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a asibitin Komfo Anokye, ta fara a 1975. Daga baya aka sami ta Tamale, da ta Kef Kos a 2008, da ta Ho. An ƙaru, gaskiya ne. Amma ba a koyon likita da allo da alli kaɗai. Sai da gadon asibiti da babban likita da zai tsaya a kan ɗalibi, su kuwa ba sa yawaita dare ɗaya. Ga shi tun da aka mai da karatun sakandare kyauta a 2017, masu fitowa da takarda sun ƙara yawa ƙwarai. Ƙofa tana nan kusan yadda take, layi ne ya yi tsawo.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, duk takardar da ta zo zauren nan a auna ta, a faɗa wa mai ita gaskiya a ranar.

Mai 6 ko 7 ko 8, wannan a tsaya masa tsayin daka. Ya cika fom na makaranta fiye da ɗaya, kada ya raina Tamale ko Ho don suna nesa, likitan da ya fito can da na Ankara duk hukuma ɗaya ke ba su lasisi. Abin da ya fi ba mu tsoro game da irin wannan yaro shi ne ranar tambayoyi. Mun yi wa yaranmu tarbiyyar sunkuyar da kai gaban manya, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma ranar nan ana so ya ɗaga kai ya faɗi dalilin da ya sa yake son likitanci da Turanci mai fita. A bara wata yarinya mai jimla 7 ta zo, muka sa 'yan'uwanmu biyu masu aikin asibiti suka zaunar da ita sau huɗu suna yi mata tambayoyi. Ranar farko ko sunanta ba a ji. Irin wannan taimako ba ya cin ko kwabo, kuma ya fi wasiƙarmu amfani nesa ba kusa ba. Balle kuma 'ya mace. Kowa ya san yadda iyayenmu mata ke ɓoye ciwo don kunyar likita namiji.

Mai 9 zuwa 12 yana bakin ƙofa, bai shiga ba, bai kuma yi nisa ba. Ya nema, amma lalle ya sa zaɓi na biyu da na uku da zai iya zama da su. In ya fito daga makarantar da ba ta da kayan aiki, a bincika masa, don jami'ar Kumasi tana da wani tsari na ɗaukar ɗaliban irin waɗannan makarantu. Akwai kuma kujerun masu biyan cikakken kuɗi, da makarantu masu zaman kansu a Ankara, amma kafin uba ya sa hannu ya ninka kuɗin sau shida, don karatun shekara 6 ne, bayansa ga shekara 2 na koyon aiki a asibiti. Wanda ya iya biyan shekarar fari kaɗai bai iya ba.

Mai 13 zuwa sama kuwa, hanya biyu ce. Ko ya sake zama jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara ya gyara darussan da suka ja shi baya, ko ya shiga wani fanni na lafiya da jimlarsa ta isa: aikin jinya, ungozoma, gwajin jini, ko mataimakin likita irin wanda ake koyarwa a Kintampo. Ba kuma an rufe masa har abada ba ne, gama akwai tsarin da mai digirin kimiyya ke shiga likitanci daga baya ya yi shekara 4. Hanya ce mai tsawo, amma hanya ce.

Batun fita waje ma a yi hattara. Dillalai sun yi yawa. Mun ga yadda yaƙin da ya ɓarke a Yukiren a 2022 ya koro ɗaliban likita gida, karatu a tsakiya, kuɗi sun tafi. Kuma duk wanda ya karanto likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Gana kafin ya taɓa mara lafiya a nan. A tambayi hukumar ko ta san makarantar tun ba a biya ba.

Iyayen da yaransu ke ƙananan azuzuwa, ku ma da ku muke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jimlar 6 tana farawa ne tun daga jarrabawar BECE, da irin sakandaren da aka tura yaro, da ko akwai ɗakin gwaji a cikinta. Mun kuma lura Turanci ne ke yawan kayar da yaranmu, su da suka ƙware a lissafi. A nema musu littattafai, a rage musu aike da dare.

Dattijon nan direba ya komo ran Juma'a ta biyu. Bai sayar da motar ba. Ya ce yaron ya zaɓi ya sake zama fizis da kemistiri da Turanci, in an dace to, in ba a dace ba zai nemi gwajin jini. Mutumin tasha kuwa, da aka ce masa a haɗu a ofishin jami'a a biya a karɓi rasit, bai sake ɗaukar waya ba.

Daga yanzu duk mai son wasiƙa ya zo da takardar sakamako ta ainihi, da takardar sharuɗɗan da jami'a ta fitar ta wannan shekara, gama sukan sake. Za mu zauna kowace Asabar bayan La'asar tare da malaman boko biyu, a ƙirga a gaban uba da ɗa. Wanda ba ya son a ƙirga a gaban jama'a ya faɗa mana, mu shiga da shi ɗakin ciki.

Wassalam.

Magatakardan Liman, Kumasi.