Motsa Jiki a Makaranta: Nauyi Ne a Kan Kowane Malami

A jadawalin darussa na makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya akwai lokacin da aka keɓe domin ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta amince da wannan darasi. Sai dai duk wanda ya yi aikin koyarwa na gwaji ya san yadda ake yi da wannan lokaci a makarantu da dama. Wani wurin a sa yara shara ko yankan ciyawa, wani wurin malamin lissafi ya karɓe shi domin ya cike gurbin abin da bai gama ba, wani wurin kuma a saki yara su yi ta hayaniya, malamai suna zaune a gindin bishiya. Wannan sakaci ne, kuma gyaransa yana wuyan kowane malami, ba malamin wasanni kaɗai ba.

Masana kiwon lafiya sun fayyace abin da jiki yake bukata. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, an bukaci yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 a kowace rana yana motsa jiki har numfashinsa ya ƙaru, baligi kuwa minti 150 zuwa 300 a mako. Wani binciken hukumar da aka buga a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan mizani, kuma abin ya fi tsanani ga 'yan mata. Tunda yaro yana shafe mafi kyawun sa'o'in yininsa a makaranta, idan bai motsa a can ba, da wuya ya cike giɓin a gida, musamman a birane inda talabijin da wayar hannu suka maye gurbin dandali.

Amfanin motsa jiki bai tsaya ga ƙarfin ƙashi da tsoka ba. Yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana kyautata barci, yana kuma taimaka wa yaro wajen tattara hankali. Malamin da ya ƙwace lokacin wasa domin ya ƙara darasi yana zaton riba ya ci, alhali ɗaliban da suka yi awa uku a kan benci cikin zafi jikinsu ne kawai yake aji. A filin wasa kuma yaro yake koyon bin doka, da jiran layi, da haƙuri idan an ci shi, abubuwan da allo ba ya iya koyarwa.

Shi kansa malamin yana cikin wannan bukata. Aikinsa ya ƙunshi dogon zama wajen duba littattafai da rubuta tsarin darasi, ga babur ko mota daga ƙofar gida zuwa ƙofar aji. Rashin motsi yana daga cikin abubuwan da suke jawo hawan jini da ciwon sukari, kuma malamin da ciwo ya kwantar, ajinsa ne yake zama maraya. Bayan haka, yara sun fi koyi da abin da suka gani. Ranar da shugaban makaranta ya tuɓe babbar riga ya zagaya fili tare da ɗalibai, ya koyar da abin da huɗubar wata guda ba za ta koyar ba.

Akwai masu cewa yaron karkara ba ya bukatar wannan, domin yana tafiya makaranta a ƙasa, yana ɗiban ruwa, yana zuwa gona. Gaskiya ne irin wannan yaro ya fi ɗan birni motsi, kuma bai kamata a gajiyar da wanda ya zo da yunwa ba. Amma aikin wahala daban, wasa mai tsari daban, domin a wasa ne ake horar da dukkan gaɓoɓi cikin nishaɗi da haɗin kai. Wasu kuma sukan kafa hujja da rashin kayan wasa. A nan ne malamin Hausa yake da abin cewa, domin langa ba ta bukatar komai sai ƙafa ɗaya da fili, kokawa ba ta bukatar komai sai yashi, wasannin gaɗa na 'yan mata kuwa tafi da waƙa da tsalle ne. Waɗannan wasanni suna cikin darasin al'ada da adabin baka, saboda haka wanda ya fitar da ɗalibansa fili ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne. Na farko, a bar lokacin motsa jiki ga motsa jiki, a kuma sanya shi da safe kafin rana ta take. Na biyu, a daina hukunta yara da tsallen kwaɗo ko zagaya fili, domin yaron da ya san gudu a matsayin horo zai tashi yana ƙinsa. Na uku, a tanadar wa 'yan mata wuri da sutura da malama mace, ta yadda iyaye za su natsu. Na huɗu, hukumomi su hana gina shaguna da ajujuwa a kan filayen makarantu, su kuma duba makarantun kuɗi da ake buɗewa a gidajen haya marasa ko tsakar gida. Gasar wasanni ta shekara-shekara tana da kyau, amma yini ɗaya a shekara ba ya gina jiki.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin kwalejin ilimi da yake shirin karɓar aji ya kamata ya fara da kansa tun yanzu, ko da tafiyar minti 30 ce a ƙasa kowace rana, domin ranar da aka damƙa masa yara ya iya shiga gabansu zuwa fili.